Baƙin da Baba Ya Sani

Litinin, da hantsi

Baba ya ƙi hoton. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya karkata shi wajen taga, ya daɗe yana kallo har na fara murna, sai ya miƙo mini.

Ya ce, "Kyakkyawa ce. 'Yar gidan wa ce?"

Na ce, "Baba, Inna ce fa."

Ya ce, "Haba Auta. Wannan ai wankan tarwaɗa ce. Uwarku baƙa ce, baƙa sosai. Har kin manta?"

Wai ni na manta! Mutumin da jiya ya kira Yaya da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife mu ba, shi ke tuhumata da mantuwa. Abin haushin kuma gaskiya ya faɗa. A kan keken ɗinki ya tsufa, in ka zube masa baƙaƙen zare a tafin hannu sai ya ware maka su kashi-kashi, ya ce wannan ya yi ja, wannan ya yi shuɗi. Komai yana zubewa daga kansa yanzu, ban da launi.

Tsohon hoton Inna da ke gefen gadonsa ya mutu. Tun rasuwarta kullum sai ya shafa fuskar da babban yatsansa, a hankali har ya cinye ta, saura ɗankwali da wuya da wani farin tabo a tsakiya. Ranar da ya lura babu fuska ya ture kwano, ya ce sai ta dawo su ci tare. Tun daga nan sai an yi da gaske yake haɗiyar loma biyu. Ni na ɗauki hoton nan lokacin ina koyon aiki, nagatif ɗin yana wurina, don haka na bugi ƙirji na ce zan yi masa sabo wanda yatsa ba ya gogewa.

Da faladiyam zalla na buga shi, na kuma san ruwan ƙasa zai ba ni. Na yi zaton ba zai lura ba.

Talata, bayan azahar

Yaya ta tsaya a bakin ɗakin aikina, hannu a ƙugu, irin tsayuwar da take yi wa ɗalibanta kafin ta yi ritaya. Tun da ta tare a nan don jinyar Baba, gidan ya koma aji, ni ce kuma daƙiƙiyar ajin.

Ta ce, "Wai ni me kike haɗawa a kwalaben nan ne kamar mai maganin gargajiya?"

Na ce gishiri ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gishirin da ba a miya da shi ba. Na daure na yi mata bayani: akwai gishirin ƙarfe, shi ne mai jin rana. Sai a ɗiga masa gishirin wani ƙarfen mai daraja, filatinam ko faladiyam, a shafa wa takardar auduga da burushi, a ɗora nagatif a kai, a danne da gilashi, a kai rana. Inda haske ya ratsa, ƙarfen ya kwanta cikin jikin takardar, ya zauna ke nan. Faladiyam ruwan ƙasa yake bayarwa, mai ɗumi, kamar shayin da ya ji ganye. Filatinam shi ke ba da baƙi na gaske, irin na gawayi.

Ta ce, "To ki sa mai baƙin mana. Mene ne abin wahala?"

Na janye hannun rigata. Ita ma sai ta tuna, ta dubi tabon ƙurajen da ke wuyan hannuna, ta dubi abin shaƙar maganin asma da ke kan tebur, ta ce, "Au." Ta fita tana gyaran murya.

Kwalbar filatinam ɗin tana can a kantar sama, ƙarama, mai jan murfi. Ban kalle ta ba.

Laraba, da safe

Rabin kofin shayi Baba ya sha. Zannuwan gado biyu ya jiƙa.

Alhamis, da yamma

Yaya ta yi mini wayo. Ta ɗauki hoton a waya ta kai shagon masu kwamfuta, kafin a ce kwabo sun buga mata a takarda mai ƙyalli. Ta shigo da shi tana taku ɗai-ɗai, ta wuce ni ba ko sannu.

Baƙi kam ya yi baƙi. Sai dai babu Inna a ciki, haƙora ne da fararen ido a cikin duhu. Kumatun nan nata da haske ke kwanciya a kansu, da ɗan ramin haɓarta, duk inji ya haɗiye. Baba ya juya takardar nan, ya juya can, ƙyallin yana dukan idonsa.

Ya ce, "Ni taga nake gani a ciki. Ku ɗauke madubin nan."

Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Har na tafi ɗaki na yi dariya ni kaɗai. Daga baya na ji Yaya a kicin tana kankare kwanon da bai taɓa ba, dariyar ta koma ciki.

Juma'a, da hantsi

Na je wurin likitan ƙirji. Na tambaye shi cikin dabara, kamar zancen wata nake yi: in mutum ya sa safar hannu, ya rufe hanci, ya buɗe tagogi, ɗigo kaɗan na filatinam kawai fa?

Ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, wannan 'wata' ɗin da kike tambaya dominta, ki gaya mata gishirin filatinam ba ya yafiya. In jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan. Wancan karon da atishawa da ƙuraje ya fara. Karo na gaba ba zai tsaya yin sallama ba."

Na ce to. Da sauƙi a bakinsa. Rabin rayuwata da kwalbar nan na yi ta, ita ta ciyar da ni, ita ta sa ake kiran sunana a inda ban taɓa zuwa ba. Rana ɗaya jikina ya tashi ya ce bai san ta ba.

Likitan Baba ma ya zo gida ɗazu. Sun yi magana da Yaya a baranda, ƙasa-ƙasa. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Asabar, da rana tsaka

Na gwada zinariya. Ɗigo kaɗan na gishirinta a cikin faladiyam yana kashe jan, yana jawo hoto wajen sanyi. Haka na sani, haka na sha gani. Yau da nake nema ido rufe sai ta yi mini halinta, ta zarce: inuwar fuskar ta fito da wani shuɗi-shuɗi mai ratsin ja, musamman ƙasan ido.

Da ina da hankali da na yaga shi. Sai na ce bari dai in gwada, ko idon Baba zai karɓa.

Ya kalla, ya matso da shi kusa da ido. Ya ce, "Wa ya taɓa ta?"

"Baba, ba wanda ya..."

"Na ce wa ya doke ta? Ina sandata?" Ya yunƙura zai sauko daga gado, mutumin da sai an tallafe shi yake zama. Da ƙyar muka mayar da shi, yana haki yana rantsuwa sai ya ga wanda ya yi wannan aiki.

A waje Yaya ta wanke ni tas. Ta ce, "Ke Auta, uban namu kika mayar abin gwaji? In ba ki iya ba ki ce ba ki iya ba." Ban iya ba! Na so in ce mata wani abu, sai tari ya riga ni.

Lahadi, da yamma

Ban shiga ɗakin aiki ba. Ban yi wa kowa magana ba. Loma uku, da roƙo.

Litinin, da safe

Rigima a kan shanya. Banɗaki ya cika da zannuwan gado, ba sa bushewa, Yaya ta ce in ba ta aron igiya ɗaya a ɗakin aikina tunda shi ne mai faɗi.

Na ce ko da wasa. Tun ranar da na fara sana'ar nan dokata ɗaya ce: jiƙaƙƙen abu ba ya kwana a ɗakin nan. Danshi ɓata mini takarda yake yi, ya sa hoto ya fito dishi-dishi. Ko kofin ruwa ba na bari a ciki. Na ce ga baranda can, rana kamar ta gasa mutum, ta shanya mana.

Ta ce, "A baranda? Maƙwabta su riƙa ƙirga wa Baba zannuwa kullum safiya? Mutumin da bai taɓa fita da riga ba guga ba?"

Na gane abin da take nufi. Duk da haka na ce a'a, na kulle ɗakina na sa makullin a jaka. Ina rubutawa ne don in ga ko a takarda zai yi kyan gani. Bai yi ba.

Laraba, bayan la'asar

Mai kawo mini kayan aiki ya zo da wata sabuwar kwalba. Faladiyam ne shi ma, amma wanda aka haɗa da litiyam. Ya ce masu amfani da shi suna samun baƙi ba tare da filatinam ba, kuma hoton a rana yake fitowa kana kallo. Sharaɗinsa ɗaya, yana son takarda da ɗan danshi. Ya ba ni irin gishirin ƙarfen da ke tafiya da shi.

Na ce, "Danshi? Ni da nake yaƙi da danshi tun kana makaranta?"

Ya ce, "Hajiya, ni dai ɗan aike ne."

Na gwada a bushe tukuna, don in nuna masa. Ruwan ƙasa. Na sake. Ruwan ƙasa, har ya fi na farko ja. Na tafasa buta na riƙa wuce takardar ta kan tururi, tururin yana shaƙe ni ina daurewa. Sai ga abin kunya: tsakiyar fuskar ta yi baƙi, gefe da gefe ja, goshi dabbare-dabbare, kamar Inna ta shafa man bilicin ya ƙi karɓarta. Matar da ko hoda ba ta yarda da ita ba.

Baƙin yana nan ke nan, na gan shi da idona, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ya ƙi bazuwa ne kawai.

Alhamis, da hantsi

Na sake da tururi. Dabbare-dabbare.

Juma'a, da hantsi

Dabbare-dabbare. Takardata mai kyau ta kusa ƙarewa. Na ɗiga wani gishiri mai ruwan lemo da ke ƙara wa hoto kaifi, ya ƙara sanyin launin kam, amma fatar ta fito da tsakuwa-tsakuwa kamar mai ƙyanda. Ban nuna wa kowa ba.

Da na kai wa Baba ruwa ya ce, "Sannu yarinya." Yarinya. Wataƙila barci ne bai sake shi ba.

Asabar, da yamma

Yau ko shayin bai karɓa ba. Ya juya fuska bango ya ce, "Ta daɗe a unguwar nan." Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ƙashin kafaɗarsa ya fito. Yaya ta zauna da cokali a hannu har abincin ya huce, sannan ta tashi ta shiga banɗaki ta buɗe famfo sosai. Na san abin da ake buɗe famfo haka dominsa.

Ina da abin da zai yi aikin nan a zama ɗaya, yana cikin kwalbar nan mai jan murfi. Na san adadin ɗigon, hannuna ya san shi ko ina barci. Takarda ɗaya ce tal. Mutum bai mutuwa a kan takarda ɗaya.

Gobe Yaya za ta fita sayen magani.

Alhamis, da rana

Ban rubuta komai ba kwanakin nan saboda ba a ba ni biro a inda nake ba.

Safar hannu biyu na sa, na ɗaure hanci, na buɗe tagogi duka. Na ɗiga, na gauraya, launin nan mai kyau ya taso a ƙaramin kofi kamar tsohuwar ƙawa. Na kai burushi rabin takarda. Iyakar abin da na tuna ke nan, sai ƙarar buɗe ƙofa da muryar Yaya tana kiran sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun muna yara. Ashe ta manta takardar likita ta dawo ɗauka.

A asibiti ba ta yi mini faɗa ba, shi ya fi ci mini rai. Sai da za a sallame ni, tana naɗe mini kaya, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Gado ɗaya nake iya jinya, Auta. Kada ki ƙara mini na biyu."

Likitan ƙirji ya leƙo ya ce, "Kin isar wa 'wata' ɗin nan da saƙona kuwa?" Na rufe fuska da mayafi.

Kwalbar mai jan murfi ba ta nan. Yaya ta kira mai kaya ya zo ya tafi da ita, ya kuma wanke teburin da kofunan da hannunsa. Takardar da na fara shafawa ma an jefar. Duk wannan wahala, ko hoton ban samu ba.

Juma'a, da safe

Na buɗe ɗakin aikina na tarar da igiya uku daga taga zuwa ƙofa. Zannuwan gado, tawul, wandunan Baba, duk a jiƙe, suna ɗiga a kan jaridun da ta shimfiɗa. Ta sami makulli a jakata. Gilashin taga har ya yi gumi. Ɗakin da na tsare shekara da shekaru kamar ƙwayar ido, yau warin sabulu yake yi.

Na ɗaga murya na ce, "Yaya! Wane ne ya ce..."

Daga kicin ta amsa, "Wanda ya kwanta asibiti ba shi da doka. In kin warke kya karɓi ɗakinki."

Na taɓa takardun da suka rage mini, guda biyu. Sun yi laushi, sun yi sanyi, gefensu ya ɗan lanƙwashe. Na zauna a kujera, ina jin kamar in fasa ihu, ƙirjin ma ba zai ba ni ba.

Juma'a, bayan azahar

Don haushi na yi, ba don wani tunani ba. Na ce tunda sun lalace bari in ƙarasa su, in huta, in gaya wa Baba na kasa. Na haɗa mai litiyam ɗin nan, na shafa a tsakanin zannuwa, wani yana ɗigar mini a kafaɗa. Na bar ta ta sha iska a ɗakin, na danne da gilashi a firam, na fita baranda.

Ina tsaye ina kallon gefen takardar da ya leƙo daga ƙarƙashin nagatif. Na saba in ga ya fara ja. Sai na ga ya yi toka, tokar ta yi duhu, ta ci gaba da yin duhu ba ta karkata ko'ina ba. Na buɗe bayan firam ɗin rabi na leƙa.

Inna ce. Baƙa, daga goshi har wuya, ko'ina daidai, hasken nan kwance a kumatunta, ga ɗan ramin haɓa. Abin da buta ta kasa, ɗaki guda cike da wanki ya yi shi, domin danshin ya ratsa takardar a hankali ta kowane gefe. Dama mai kaya ya faɗa, ni ce na ji da kunne ɗaya.

Na wanke hoton, na kira Yaya. Ta zo tana goge hannu, ta leƙa cikin tiren ruwa, sai ta dafa bango. Can ta ce, "To wa ya yi aikin nan, ni ko ke?"

Na ce, "Baba ne."

Ta dubi zannuwan, ta dube ni. Muka yi dariya har ta koma wani abu daban.

Asabar, da hantsi

Ya bushe. Na kai masa ba gilashi, ba firam, takardar kawai. Yaya ta tallafe shi ya zauna.

Bai kai shi taga ba ma. Ya ɗora a cinya, babban yatsan nan ya tafi kai tsaye kan kumatu, ya shafa, ya sake shafawa. Ya duba yatsan ya ga ba abin da ya biyo shi.

Ya ce, "Baƙata. Kin daɗe." Ya yi mata 'yar hararar wasa. Sannan ya juya wajen Yaya ya ce, "Ku kuma kun tsaya kallo? A kawo abinci mana, ta dawo."

Yaya ta fita da gudu, mace mai jikoki, har tana tuntuɓe da tabarma. Ni na tsaya a bakin gado, ina jira. Ban san me nake jira ba. Na sani.

Ya ɗago ya dube ni da kyau, irin duban da yake yi wa mai kawo ɗinki, cikin mutunci.

Ya ce, "Malama, ke kika yi wannan?"

Na ce, "Ni ce."

"Kin san baƙi. Ba kowa ya san shi ba, yawanci sai su sa masa ja." Ya gyaɗa kai. "Ina da 'ya mai irin sana'ar nan taki. Autata. Taurin kai gare ta kamar uwarta, amma hannunta yana da kyau. Kwana biyu ban gan ta ba."

Na ce wataƙila aiki ne ya yi mata yawa.

Ya ce, "Haka ne. In kin haɗu da ita, ki ce ta zo ta ga uwarta."

Na ce, "To, Baba. Zan faɗa mata."

Lahadi, da safe

Ya cinye, har ya nemi ƙari. Zani ɗaya yau. Ni na wanke, na shanya shi a ɗakina.